Nasiha ga Mai Niyyar Ajiye Zaki a Makaranta

Idan aka shiga zango na biyu na shekarar karatu, hunturu ya fara sassautawa, makarantun Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi suka ɗauki haramar gasar wasanni tsakanin gidaje, wadda yara ke kira inta-haus, da wuya a tashi taron malamai ba tare da wani ya miƙe ya ce bana ya kamata a fito da zaki a gaban masu maci ba, wato yaro guda a cikin rigar gashi da ƙaton kai, yana taku ɗai-ɗai yana kaɗa wutsiya. Ina goyon bayan wannan shawara da zuciya ɗaya. A gari irin Kafanchan, wanda tun da ya zama mahaɗar jirgin ƙasa a 1927 yake tara mutane masu harsuna da addinai dabam-dabam, samun dabbar da kowane gida zai yi na'am da ita ba ƙaramar ni'ima ba ce, ga shi kuwa zaki ya cika wannan sharaɗi: Musulmi ya san laƙabin Asadullahi da aka yi wa Sayyidina Hamza, Kirista ya san Zakin kabilar Yahuza, mai sha'awar ƙwallo kuma bai manta da BCC Lions ta Gboko ba, wadda ta ɗauko kofin Afirka a 1990, balle zakunan Kamaru da Senegal da Maroko.

Akwai kuma wata hujja da ta fi waɗannan nauyi. Zakin dawa na haƙiƙa ya ƙare a ƙasar nan sai a Yankari da dajin tafkin Kainji, binciken da aka buga a 2014 kuma ya nuna waɗanda suka saura a Nijeriya ba su kai 50 ba. Galibin yaranmu, in ba an kai su gidan namun daji na Jos ba, zakin da za su fara gani da idonsu shi ne wannan da hedimasta ya saya, shi kuma zai zauna a zukatansu har girma. Saboda haka duk wanda ya ɗauki kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai ya nufi kasuwa neman zaki, ya sani ya ɗauki amanar mutuncin manyan dawa, ya kuma ɗauki amanar ɗan mutanen da za a zura a ciki.

Farkon abin dubawa shi ne geza, domin ita ce shaidar sarauta, kuma kan da ba shi da wadatacciyar geza, kome tsadarsa, ba zai fi ƙarfin a kira shi kyanwa ba. Hanyar gwaji mai sauƙi ce. A kira yaro ɗan aji ɗaya, wanda bai riga ya koyi kara ba, a ɗora kan a tebur, a tambaye shi mene ne wannan. In ya ce zaki, a biya. In ya ce kare ko biri, a mayar wa mai shi cikin girma da arziki. In kuwa ya ƙwalla ihu ya zura da gudu, to kwarjinin ya wuce kima, a ce wa tela ya rage haƙora ya sassauta gira, domin zakin makaranta an yi shi ne ya sa yara murna, tsakatsaki kuwa tsakanin haiba da fara'a shi ne abin nema. A duba idanu su daidaita, kada ɗaya ya kalli Kagoro ɗaya ya kalli Kwoi.

Masu kuɗi sukan yi sha'awar rigar da aka ɗinka a ƙasashen waje, amma mafi yawansu an yi su ne don ƙasashen sanyi, gashinsu mai kauri ne ƙwarai, wanda ya sa su a ranar watan Maris ya san abin da ya ɗauko. A ganina maslaha tana wajen telan gida. A samo yadi mai laushi ko bargo marar nauyi daga 'yan gwanjo, a karɓo soso wajen masu katifa, a gina kan bisa hular kwano don ya zauna daram kada ya riƙa juyawa, a buɗe baki sosai a rufe shi da baƙar raga, domin ta nan mai rigar zai gani, ta nan kuma zai shaƙi iska. A ƙara 'yan kafofi a bayan kunnuwa don zafi ya sami mafita. Geza a yi ta da zaren ulu. Ina ba da shawarar a guji lulluɓe jiki da zaren tukurwa ko ganyaye, saboda a wannan yanki irin wannan shiga ta dodon gargajiya ce, wanda ƙabilar Atyap ke kira Abwoi, tana da masu ita da ƙa'idojinta, ba kuma ladabi ba ne a jawo ta filin tsalle-tsalle.

Launin jiki a bar shi yadda Allah ya halitta. In gidan kore ne ko shuɗi, a sa wa zaki riga mai launin gidan, kada a tsoma shi a baba. Wando kuwa wajibi ne. Zakin da Ingila ta fitar a gasar kofin duniya ta 1966, mai suna Willie, wanda shi ne farkon irinsa a wannan gasa, ya fito da cikakkiyar sutura. Na Jamus na 2006, Goleo, ya fito da riga babu wando, bai kuwa tsira daga bakin jama'a ba har aka gama gasar. Wutsiya a ɗinke ta da zare biyu, a kuma tanadi ta biyu a aljihun malamin wasanni, domin babu yaron firamaren da zai ga wutsiya tana lilo a gabansa ya iya mallakar hannunsa.

To, yanzu sai babban al'amari, wato yaron da ke ciki, wanda jama'a ba su ganin fuskarsa, saboda haka suke saurin mantawa da shi. Kada a zaɓe shi don shi ne ƙaton aji, kada kuma a mai da rigar horo ga mai laifi. A nemi mai lafiya, mai son abin, mai iya rawa, wanda iyayensa suka yarda, ba mai ciwon asma ko sikila ba. In ranar ta faɗo a cikin Ramadan ko azumin Kirista, kada a zura mai azumi. Cikin rigar ya fi waje zafi nesa ba kusa ba, gumi ba ya samun hanyar bushewa, don haka minti 15 zuwa 20 ya isa fita ɗaya, sa'an nan a shiga da shi aji a cire kan, a ba shi ruwa, a yi masa fifita, ko da shugaban ƙaramar hukuma ne ke tsakiyar jawabi. Yara biyu masu karɓa-karɓa sun fi ɗaya. Lalle ne kuma a haɗa shi da ɗan rakiya wanda ba zai rabu da shi ba ko taku ɗaya, domin zaki ba ya ganin ƙafarsa, ba ya ganin gefensa, bai san da lambatu ba sai ya ji shi a ciki, ƙaramin yaron da ya rungume masa gwiwa kuma ba ya cikin lissafinsa. Su yi alama tsakaninsu, misali dafa kai da hannu biyu, wadda ma'anarta ita ce a fitar da ni yanzu, kuma da zarar an ga alamar babu jayayya babu a ƙara haƙuri.

Shi ma yaron akwai ladubban da ke kansa. Zaki ba ya magana, ko da kakarsa ta gane tafiyarsa ta ƙwala masa kira daga cikin rumfa. Ya rusuna mata ya ɗaga hannu, gaisuwar baki sai an koma gida. Ba ya cire kai a bainar jama'a don ya tsotsi fiyawata, domin ƙananan yara da suka gaskata shi za su shiga ruɗanin da ba ya warwaruwa da wuri. Ba ya fitowa da silifas, ba ya hawa acaɓa da kansa a kai. Ya nisanci wuta da tartsatsin wasan Kirsimeti, saboda gashin roba ne, kamawarsa ba ta da wuya. In kuma an gayyaci makaranta bikin Afan da ake yi a Kagoro ran 1 ga Janairu, inda maharba ke fitowa da shirinsu, to zaki ya yi zamansa a gida. Maharba sun san yaro ne, amma karnukan gari ba wanda ya yi musu bayani.

Bayan an tashi daga fili, kuskuren da aka fi yi shi ne a cusa rigar a buhu da jiƙonta a jefa sito sai baɗi. Damina a nan doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba, kafin ta ƙare fumfuna ta gama da kan, ɓeraye sun yi ɗakin haihuwa a cikin soso, gara kuma ta shigo ta ƙasa ta karɓi rabonta. A wanke gangar jikin da hannu, da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, a shanya a inuwa a juye. Ruwan zafi da dutsen guga suna lalata gashin, ba ya kuma dawowa. Kai ba a tsoma shi a ruwa, sai dai a goge cikinsa da tsumma da ɗan Dettol, a bar shi ya sha iska har ya bushe sarai, a taje gezar da mataji mai manyan haƙora, daga baki a yi sama, kamar yadda uwa ke taje kan 'yarta mai tsoron kitso. Sa'an nan a kifa shi bisa bokiti a kan kanta, a lulluɓe da zane saboda ƙurar hunturu, jikin kuma a adaka tare da kafur, a riƙa buɗewa kowane wata.

Maƙwabta za su zo aro, kuma hana aro rowa ce, musamman ga makarantar ƙauye da ba ta da halin saya. A bayar, amma a rubuta a littafi gaban shaidu biyu, a kuma haɗa da sharaɗin minti 20 da ɗan rakiya, domin yaronsu ma ɗan mutane ne. Ran da aka dawo da shi, kafin malamin da ya kawo ya ce, "Ranka ya daɗe, mun gode," ya juya, a zaunar da shi a ba shi ruwa, a ƙirga kunnuwa da haƙora a gabansa, a sansana cikin kan, sa'an nan a tambaye shi wutsiya.