Babbar Tana Gareji

Babu wanda ke sayar da babbar mota a Garwa. Ko dai tana gareji, ko yaro ya tafi da ita Ngaundere, ko ana jiran wani ƙarfe daga Dubai. Amma a ƙofar gidan da aka saba ganin Prado ko Land Cruiser, sai ka tarar da 'yar Yaris ko Corolla ta laɓe a inuwar darbejiya, maigidan kuma yana wuce ta kamar bai san mai ita ba. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, lissafin sauya mota ba shi da wuya, ɗan firamare ma zai yi shi a bayan littafinsa. Wahalar tana wajen bayanin da za a yi wa majalisa bayan la'asar, kuma kuɗin da mutane ke ɓatarwa wajen gudun wannan bayani ya fi wanda injin ke sha.

Sai an tuna inda man yake fitowa kafin a gane yadda aka shiga wannan hali. Shekara da shekaru, kaso mai yawa na fetur ɗin da ke tafiyar da arewacin Kamaru ta iyaka yake shigowa, daga wajen Yola da Mubi, a jarkoki bisa babura da kwale-kwalen Binuwai, a juye shi a kwalabe a jera bakin titi. Shi ne zuwa-zuwa. A lokacin, gwamnatin Najeriya na biyan tallafi don talakanta, Alhajin Garwa na cika tanki da rarar, wato wani ɓangare na alfarmar babbar mota a nan baitulmalin maƙwabta ne ke ɗauke da shi. A ranar 29 ga Mayu 2023 Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 a jihohin arewa cikin 'yan kwanaki. Litar gida Kamaru ma ba sauƙi. Matatar Sonara da ke Limbe ta ƙone a 2019, ƙasa ta koma shigo da tataccen mai. A Fabrairun 2023 litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730, a Fabrairun 2024 ta kai 840, alhali ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikatan gwamnati bai wuce kashi 5.2 a karon farko da kashi 5 a na biyu ba. Land Cruiser mai tanki biyu tana cin lita 138. A kan 840, cika ta sau ɗaya ya kusa sefa 116,000, wato kusan ninki biyu na 60,000 da doka ta yanka a matsayin mafi ƙarancin albashi a yawancin kamfanoni. Yaris kuwa da lita 42 ta ƙoshi. Kowa ya san wannan. Inda mutane suka rabu shi ne irin labarin da kowa ya zaɓa ya bayar.

Mafi sauƙin ganewa shi ne mai cewa ta madam ce. Ya sayi ƙaramar, in ji shi, don kai yara makaranta, tunda babbar ba ta shiga lungun. Madam ɗin ba ta iya tuƙi ba, ba a kuma taɓa jin za a koya mata ba. Shi ke kai yaran, shi ke wucewa kasuwa, shi ke zuwa jana'iza da ita, kullum yana cewa yau dai ya ara. Ɗan uwansa shi ne mai gareji, wanda ya sayar tun bara ga wani mutumin Marwa, da sharaɗin kada a shigo da ita garin. Makullin safaya yana nan a hannunsa. In ya zauna a majalisa sai ya ajiye shi kan tabarma, tambarin yana kallon sama. In an tambaya ya girgiza kai: "Wallahi Alhaji, bakaniken nan zai kashe ni." Bakaniken kuwa rabonsa da ganin motar tun kafin a buga gasar cin kofin Afirka a filin Rumde Ajiya. Waɗannan biyun ba su yi asarar komai ba sai gaskiya, kuma a cikin jerin nan su ne masu hankali.

Asara ta gaske tana wajen mai motar Juma'a. Shi ya sayi ƙaramar, amma zuciyarsa ta hana shi sakin babbar, sai ya lulluɓe ta da tamfol a tsakar gida, kaji na kwana ƙarƙashinta. Ana yaye mata tamfol ranar Juma'a don zuwa babban masallacin Pumpumre, da ranar salla, da ranar ɗaurin aure. Ya manta babbar mota kamar dokin fada take, ko an hau ko ba a hau ba sai an ba shi dawa. Inshora ba ta tambayar sau nawa aka fita. Harajin vinyet bisa ƙarfin inji ake yanka shi, na babba ya fi na ƙarama nesa ba kusa ba. Batir na mutuwa a zaune, tayoyi na tsagewa da zafi, ɓeraye na gaisawa da wayoyi. Don haka rabin Juma'o'in shekara da turi ake fara su: Alhaji cikin malum-malum yana riƙe da sitiyari, 'ya'yansa da na maƙwabta suna nishi a baya, liman kuma ya riga ya hau mumbari. Mutumin da ya shiga wannan harka don rage kashe kuɗi ya ƙare yana ciyar da mota biyu.

Har gara shi a kan mai taurin kai, wanda ya rantse ba zai sauka ba ko duniya za ta tashi. Shi ne za ka gani ya faka ƙatuwar V8 gaban teburin mai zuwa-zuwa a Yelwa, ya sauke gilashi yatsa huɗu kawai, ya ce a hankali, "Kai yaro, sa lita biyu." Yaron ya ɗauko mazurari da tsumman tacewa, ya juye kwalba biyu cikin wannan rijiya, allura ba ta ko motsa ba, fitilar gargaɗi kuwa ta zama ɗaya daga cikin kayan adon motar. A watan Afrilu, sa'ad da zafin Garwa ke haura digiri 40, yana tafe gilasai a rufe ruf, na'urar sanyi a kashe, don na waje su ɗauka ƙanƙara yake sha. In ya iso ya fito, shadda ta manne da gadon bayansa, hula ta yi zanen gishiri, yana cewa ciwon suga ne ke sa shi gumi. Ya san kowace gangara a garin, domin a nan yake zare giya. Injin zamani kuma ba ya yafe mai mai datti. Abin da ya tsima a bakin titi wata uku, bakanike ya karɓe shi a wuni ɗaya.

Akwai kuma wanda ya sayar ya tuba, ya zama mai wa'azi. Jiya shi ne mai danna ham a ƙofar mutane, yau ba ya zama minti biyar bai kawo zancen almubazzaranci ba. Yana da ɗan littafi a aljihun mota inda yake rubuta kilomita da lita, kuma yana iya ɗaukar ka har kasuwar Pitowa ranar Lahadi, ba don sayen komai ba, sai don ka ga da idonka allura ba ta sauka ba. Gaskiyarsa ce, amma shi ne ya fi kowa ɓata wa ƙaramar mota suna.

To, masu babbar mota suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Sukan ce hanya ce ta tilasta. Wanda ya taɓa bin hanyar Ngaundere ya sauko gangaren Mbe, ko ya nufi Poli ko Rai Buba da damina, ya san ƙaramar mota tana iya barin cikinta a wani kwazazzabo. Na yarda. Sai dai masu wannan zirga-zirga, masu sayen masara da auduga da fataken shanun Adumri, yawanci Hilux mai gas suke ja, ba kujerun fata ba, kuma ba su ake magana a nan ba. V8 ɗin da muke zance ba ta san laka ba; daga Marware zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa masallaci, duk kan kwalta. A ƙaddara kilomita 30 a rana. Mai shan kusan lita 20 a kilomita 100 cikin gari za ta lashe wajen sefa 150,000 a wata, mai shan lita 7 kuwa ba za ta wuce 55,000 ba. Ratar ta isa ya yi hayar motar daji duk ranar da da gaske daji ya kira shi. Sukan kuma ce ai faɗuwar naira ta sa zuwa-zuwa yana sauka wani lokaci. Haka ne, yana sauka yana hawa, amma wanda ya jingina girmansa da farashin canji da halin jami'an iyaka, barcinsa ba a hannunsa yake ba.

Dillali yana da tasa rawar a nan, kuma shi kaɗai ne kowace iska ke kaɗa masa daidai. Da safe yana gaya wa mai sayarwa, "Ranka ya daɗe, wa ke sayen wannan yanzu? Taimaka maka zan yi." Da yamma yana gaya wa mai saye, "Irin wannan ba a samun ta, mai ita matsuwa ce ta kama shi." Daga bakinsa aka samo hujjar cewa sayarwa yanzu faɗuwa ce, tunda ba za a mayar da abin da aka zuba ba. Amma kuɗin da aka saya da shi ya riga ya tafi, riƙe motar ba ya dawo da shi, ƙara masa 'yan rakiya kawai yake. Wanda wannan hujja ta yi wa daidai shi ne dattijon da tafiyarsa ba ta wuce kilomita biyar a rana. Shi kam ya zauna da abarsa, la'adar dillali da kuɗin sauya takardu sun fi man da zai tsima.

Hujja mafi nauyi ita ce ta mutunci. Ɗan kasuwa zai ce motarsa jari ce: da ita ake ba shi kaya bashi daga Duwala ko Kano, kuma ranar da aka gan shi a Starlet, masu bin sa bashi za su yi sammako. Wannan ba wasa ba ne, kasuwarmu da amana take tafiya, amana kuma da ido take ci. Kuskuren shi ne zaton cewa ido a kan mota kaɗai yake. Yaron da ya zuba lita biyu yana da baki. Mai wankin mota da aka ce wa ya dawo gobe yana da baki. Mai kilando, wato ɗan acaba, da ya ɗauki Alhaji da daddare ta ƙofar baya, bayan an lulluɓe babbar, ya fi gidan rediyo saurin kai labari. Kafin a kai ga mai ba da kaya, labarin ya riga Prado isa, kuma shi abin da yake dubawa shi ne wa ya biya ranar da ya ce zai biya. Ƙaramar mota da biya kan lokaci ba ta taɓa rufe wa kowa shago ba.

Saura a tambaya: su wa ke yaɗa cewa Alhaji ya karye? Masu ba shi kaya suna da aikin yi, iyalinsa kuwa sun ga cefane ya ƙaru. In ka bi zancen zuwa tushensa, yawanci za ka tarar da 'yan rakiya, mutanen kujerar baya. Prado tana ɗaukar bakwai, in an matsa tara; Yaris tana ɗaukar biyar, kuma ɗaya daga ciki Alhaji ne. Waɗanda suka rasa kujera su ne suka fi jin ciwon zubewar martabar gidan, su ne ke jan shi gefe suna cewa, "Yallaɓai, wannan ba girmanka ba ne, mutane na magana." Mutanen da ke maganar su ne su. A tsawon shekarun da suka yi suna shan sanyin motar zuwa ɗaurin aure a Gidar da ta'aziyya a Figil, babu wanda aka taɓa gani ya laluba aljihu a gidan mai. Da an tsaya gaban famfo dukansu waya ke shigo musu. Yanzu kujeru huɗu suka rage, su kuma takwas ne, shi ya sa duk ranar tafiya tun kafin a idar da sallar asuba suke tsaye jikin 'yar motar da suka wuni jiya suna zagi, kowa ya dafa ƙofa ɗaya.