Sannunku da Ƙoƙari, Masu Jiragen Sama

Ranku ya daɗe masu kamfanonin jiragen sama na Najeriya, da ku manyan ma'aikatar da ke kula da su a Abuja, ga gaisuwa daga Haɗeja. Kada ku ce me ya haɗa mutanen fadama da sha'anin sama. Gaskiya ne jirgin fasinja ba ya sauka a garinmu. Wanda muka saba da ƙararsa shi ne ƙaramin nan mai feshin jan-baki, in tsuntsu ya taso wa shinkafar Auyo da Guri da Kirikasamma, sai kuma babban da ke kwashe mana alhazai, a da daga Kano, yanzu daga filin Dutse da aka buɗe a 2014. Amma duk wanda ya taɓa raka gyatumarsa sansanin alhazai, ya ga ta shige da jakarta, ya san ya damƙa ta ne ga Allah, sannan ga mutum biyu da ke zaune a goshin jirgi. Saboda waɗannan mutum biyun muka zo yi muku jinjina, don irin riƙon da kuke yi musu idan kasuwa ta faɗi, ba kowace ƙasa ce ta iya shi ba.

A ƙarshen Maris na 2020 korona ta ajiye jirage a ƙasa. Ba mai musun cewa kun ji jiki: kuɗin haya da na inshora suna tafiya da dala, fasinja ko ɗaya babu. Jiragen cikin gida ba su sake tashi ba sai 8 ga Yuli, Kano kuwa sai 11 ga watan. To, a irin wannan rana ake gane gwani, kuma kun nuna gwaninta. Arik, wanda hukumar AMCON ke riƙe da shi tun Fabrairun 2017, wato kamfanin da ke hannun gwamnati, ya zaftare kashi 80 cikin 100 na albashin Afrilu, ya ce kashi 90 na ma'aikata su tafi hutun da ba albashi daga 1 ga Mayu, sai an neme su. Da Disamba ta zo ya sallami 300. A farkon Agusta Air Peace ya sallami matuƙa kusan 70. A wannan makon na Agusta dai Bristow, mai jirage masu saukar ungulu da ke kai ma'aikata rijiyoyin mai, ya sallami matuƙa da injiniyoyi wajen 100, ana tsakiyar yajin aikin da ƙungiyarsu ta NAAPE ta kira kan albashi. Aikin da wasu ƙasashe suka yi wata da watanni suna ta zama a kansa, ku kun gama shi da takarda ɗaya. Sannunku da zafin nama.

Ku dubi yadda Amurkawa ke wahalar da kansu. A manyan kamfanoninsu akwai jerin sunayen matuƙa bisa ranar da kowa ya fara aiki, kuma ƙungiyarsu ta ALPA, wadda ta kafu tun 1931, ta sa an rubuta shi a cikin yarjejeniya. Wannan jeri ne ke faɗin wanda zai zama kyaftin, da wanda zai tuƙa babban jirgi, da wanda zai zaɓi ranar hutu. In kasuwa ta mutu, daga ƙasan jerin ake fara cirewa, wanda ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya. Tafiyar ma ba kora ba ce: sunansa na nan, lambarsa na nan, kuma ranar da harka ta farfaɗo dole a kira shi kafin a ɗauki baƙo. Haka aka yi wa dubbai bayan harin 11 ga Satumba 2001, wasu suka yi shekaru a gida, aka kuma kira su bi da bi. Tsarin yana da nasa zaluncin, ba na ɓoyewa. Yaro mai ƙwazo da ke ɗauke da bashin makaranta shi ke fara shan rana, kuma kyaftin ɗin da kamfaninsa ya rushe, in ya koma wani, daga ƙasa zai fara ko ya yi shekara ashirin yana tuƙi. Amma akwai abu ɗaya da jerin ya ƙwace daga hannun maigida: zaɓen wanda zai kora.

Wannan kuwa ku kun fi ƙarfin a ƙwace muku shi, kuma a nan yabonku ya fi kauri. Ku kuke duba fuska. Kun san kyaftin ɗin da ke yawan rubuta matsalar inji a littafin jirgi, kun san wanda ya ce ba zai tashi ba sai hazon hunturu ya washe a Kano, kun san wanda ya tuna muku cewa awanninsa na tuƙi sun cika doka ta ce ya kwanta, kun san wanda ke zuwa taron ƙungiya. Ranar rage ma'aikata ba sai kun faɗi dalili ba, korona ta faɗa a madadinku. Su ma matuƙan sun san kun sani. Saboda haka mutumin da aka ɗora wa rai ɗari da hamsin yana zaune a kujerarsa yana auna abu biyu, lafiyar jirgi da fushin maigida, alhali ɗaya kawai ya kamata ya auna. Wannan ne abin da ke hana ni barci a sha'anin nan, domin matuƙin da ke tsoron cewa a'a, fasinjansa ne ke biyan kuɗin tsoron.

A tashar motar Haɗeja ma ba su kai ku wayewa ba. Direban da ke jigilar Kano ya san layinsa. In fasinja ya yi ƙaranci, kamar lokacin da ambaliyar 2022 ta yanke hanyoyi, na biyar ya san shi ne na biyar, zai jira ya ci tuwonsa da fargabar rashin lodi, amma ba da fargabar a tsallake shi ba. Ɗan kamashon da ya kuskura ya shigo da motar ɗan'uwansa gaba, ranar zai san 'yan yuniyon ba su mutu ba. Direbobin da da yawansu ba su gama firamare ba sun ɗaure kansu da wannan ƙauyanci, ku kuwa masu digiri daga Landan kun 'yanta kanku daga gare shi.

Dole a sa masu rubuta doka a cikin wannan godiya. Dokar Ƙwadago ta 1974, a sashe na 20, ta ce in za a rage ma'aikata a sanar da ƙungiyarsu dalili da adadi, a bi ƙa'idar na ƙarshen zuwa shi ne na farkon fita tare da duba ƙwarewa, a kuma yi ƙoƙarin daidaitawa kan kuɗin sallama. Magana mai daɗi. Sai ka gangara sashe na 91, inda aka fayyace wane ne ma'aikaci, ka tarar an fitar da masu aikin ƙwararru, an kuma fitar da wanda ke aiki a cikin jirgin ruwa ko na sama. An gina rumfa, an ce matuƙi ya tsaya a rana. Abin da ya rage masa shi ne takardar kwantiraginsa, wadda lauyan kamfani ya rubuta, sai Kotun Ma'aikata, inda zai biya nasa lauyan daga albashin da aka tsayar.

Lokacin korona, a Ingila kamfanin British Airways ya ce zai kori matuƙa 1,255. Ƙungiyarsu ta BALPA ta zauna da shi, matuƙa suka kaɗa ƙuri'a suka yarda a rage musu kashi 20 na albashi na wani lokaci, adadin korar ya sauko wajen 270. A Amurka matuƙan United, manya da ƙanana, sun amince a rage wa kowa awannin aiki don kada a tura 2,850 gida. Gwamnatin can ta ba kamfanonin fasinja dala biliyan 25 na biyan albashi, da sharaɗin kada a kori kowa kafin 30 ga Satumba 2020. Tamu gwamnatin ta fi su kunya, ba ta son ta takura wa manya: naira biliyan 4 da ta raba wa kamfanoni ta iso ne bayan an gama sallamar.

Kada a ce na rage muku lada, akwai jinƙai a lamarin. Da NAAPE ta yi barazanar janye mambobinta, ministan sufurin sama na lokacin, Hadi Sirika, wanda shi ma matuƙi ne, ya shiga tsakani, shugaban Air Peace Allen Onyema ya amince a dawo da wasu daga cikin waɗanda aka sallama. Aka yi ta godiya. Na yi wa iyalansu murna, har zuciyata. Amma ku lura da ƙofar da suka shigo ta cikinta: roƙo da alfarma. Wanda ya dawo ta alfarma ya san bakinsa a ɗinke yake daga ranar, wanda ba a yi masa alfarmar ba kuwa ba shi da takardar da zai ɗaga ya ce layina ne.

Kun kuma gane wani sirri na wannan sana'a, kuna morarsa yadda ya kamata. Lasisin matuƙi ba ya jira. Sai ya tashi ya sauka sau uku a cikin kwana 90 kafin ya ɗauki fasinja, sai ya shiga na'urar gwajin tuƙi duk wata shida, galibi a ƙasar waje kuma da dala, sai likita ya sabunta masa takardar lafiya. Malamin makaranta in an dakatar da shi shekara guda zai dawo da iliminsa ya shiga aji. Matuƙi kuwa in ya shekara a gida, sai an kashe masa miliyoyi kafin ya sake zama a kujera, shekara 65 ta ritaya kuma tana matsowa. Don haka in kun ce masa ga rabin albashi ko ga ƙofa, kun san amsar tun bai buɗe baki ba. A bayansa kuma ga layin yara. Gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura matasan Kano 100 ƙasar Jodan suka koyo tuƙin jirgi da kuɗin talakawa, suka dawo, da yawansu suka yi shekaru ba su taɓa sitiyarin jirgi ba, saboda kun ce kowa ya je ya biya wa kansa horon nau'in jirgin da zai tuƙa. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ita ma tana yaye nata. Yunwar waɗannan yara ita ce bulalar da kuke nuna wa manyansu.

Ba ku kuka fara ba, gado kuka yi, kuma gwamnati ce malamarku. Dattawanmu da suka yi aikin hajji a shekarun 1970 da 1980 suna tuna jirgin Nigeria Airways mai tambarin giwa da fukafukai. An kafa shi a 1958, ya taɓa mallakar jirage wajen 30, ya daina tashi a 2003, gwamnatin Obasanjo ta rushe shi. Ma'aikatansa na ofisoshin Turai da Amurka an biya su haƙƙinsu, don can ba a wasa da doka. Na gida, mutum wajen 6,000, aka ce su yi haƙuri. Gwamnatin 'Yar'aduwa ta ba su fanshon shekara biyar a 2008. Sai Satumban 2018 gwamnatin Buhari ta saki naira biliyan 22.68, rabin abin da suke bi, ragowar kuma suka ci gaba da zarya a kansa shekara da shekaru. A tsakanin nan kyaftin-kyaftin da suka kai iyayenmu Jidda suka dawo da su lafiya sun tsufa a gidan haya, da yawa sun rasu ba su ga kuɗin guminsu ba, matansu ne suka zo layin tantancewa da takardun mamaci. Allah ya jiƙansu, Allah ya bi musu haƙƙinsu. Gwamnatin da ta ce ba ta da kuɗin cika musu ta samu na zuwa baje kolin Farnborough a Yulin 2018 ta nuna tambarin Nigeria Air, ta kuma samu na hayar jirgin Habasha da aka shafa wa fenti ya sauka Abuja ranar 26 ga Mayu 2023, saura kwana uku ta sauka daga mulki.

Shugabannin ƙungiyoyi, ku ma ga naku tukuicin. NAAPE, NUATE, ATSSSAN, ANAP, kowa da tutarsa da ofishinsa. Kun iya tare ƙofar filin jirgi da asuba, fasinja ya ɗauki akwati a ka ya taka ƙafa. Amma lokacin da kasuwa ke ci, jirage cike, kamfanoni na neman matuƙa ido rufe, lokacin ne ake zama a rubuta yadda za a yi ranar da ta ɓaci: wa zai fara tafiya, nawa za a ba shi, wa zai biya kuɗin sabunta lasisinsa, yaushe za a kira shi. Kun bar wannan sai takardar kora ta fito, sannan ku kira 'yan jarida.

Majalisa ta zo ta ƙarasa aikin. Dokar sufurin sama ta 2022 ta sa aikin jirage cikin ayyukan da ƙasa ba za ta iya rayuwa babu su ba, kuma da ma'aikatan NAHCO, kamfanin da ke hidimar kaya a filin jirgi, suka yi yajin aiki a Legas a Janairun 2023, minista Sirika ya fito ya ce doka ta hana, ba za a sake lamunta ba. Aikin ya yi muhimmancin da za a hana mai shi yaji, bai yi muhimmancin da za a hana a tura shi gida ba albashi ba. Wata bakwai bayan haka Azman na Kano ya dakatar da jigila ya tura ma'aikata hutun da ba biya. A 2024 aka dakatar da Dana, shi ma ya sallami nasa. Matuƙan da suka samu hanya sun tattara lasisinsu sun nufi ƙasashen Larabawa da wasu sassan Afirka, ku kuma kuka dawo kuna kukan ƙarancin kyaftin, kuna ɗauko na waje kuna biyan su da dala, da masauki, da tikitin zuwa ganin gida. Allah ya ƙara basira, ranku ya daɗe.