Daga Girinsboro Zuwa Zango: Sha'anin Siririyar Washa

Zuwa ga taubashina ɗan Gwaggo, bawana na gado, wanda ba a saye shi da kuɗi ba, ba kuwa ranar 'yanta shi.

Saƙon muryarka ya iso ta WhatsApp, na kuwa saurare shi tun daga sallama har zuwa inda aka kira ka cin tuwo ka katse magana ba ko ban kwana, na fahimci muradinka, wato in aiko maka da injin rauta irin wanda ka gani a hannuna cikin hoto, domin kai ma ka shiga fitar da ƙofofi masu ado. Na zaɓi in ba ka amsa da alƙalami, domin maganar akwai lissafi a cikinta, ga shi kuwa tun muna lakwal na san lissafi in ya shiga maka ta kunnen dama, ba ya ko tsayawa shan ruwa sai ya fita ta na hagu.

Ka sani garin nan da nake, Girinsboro ta jihar Karolina ta Arewa, gari ne da 'yan Nijar suka yi yawa a cikinsa, har mutum ya ji Zabarmanci da Hausa a bakin masallaci ranar Juma'a. Kusa da shi kuma akwai Hai Foyint, wadda ta shahara da sana'ar kujeru da gadaje da kabad, inda tun shekarar 1909 ake cin kasuwar kayan ɗaki, yanzu sau biyu a shekara, cikin Afrilu da Oktoba, fatake na zuwa daga kowace nahiya. A wani ƙaramin shago na wannan yanki nake aiki, ƙarƙashin wani dattijon Bature mai ƙarancin magana, aikinmu kuwa ƙofofin kabad na ɗakin girki. Ba a tsintar dala a bakin titi, kamar yadda kake gaya wa mutane a majalisa. Da garin katako a hanci ake samunta.

Injin kansa ba zan aiko ba, ba kuwa don rowa ba. Wutar ƙasar nan 120 ce, taku 220, in ka cusa injinmu a bangon shagonka, kafin ka gama bisimilla ya yi hayaƙi ya riga mu gidan gaskiya. Ka sa a sayo maka mai cin 220 daga Kano, amma da sharaɗi guda: bakinsa ya zama na rabin inci, wato milimita 12.7, domin akwai masu bakin milimita 12 cif, su kuwa ba za su karɓi abin da zan aiko ba, ko da ka haɗa da guduma, wadda na san ita ce babbar hujjarka a kowace mas'ala. Abin da na ba wani ɗan'uwa mai tahowa gida ya riƙo maka shi ne haƙoran injin, guda biyu, da wata 'yar ambulan da aka liƙe bakinta. Ambulan ɗin nan ita ce dalilin wasiƙar, ina kuwa roƙonka, don girman zumunci, kada ka buɗe ta a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, kada kuma ka ba yara su riƙe maka.

Ga bayanin abin. Ƙofar kabad irin tamu ba a buga mata ƙusa. Katako huɗu ne, biyu a tsaye biyu a kwance, a fitar wa wannan harshe, a tsaga wa wancan rami, harshen ya shiga ramin da ɗan gam, falle kuma ya zauna a tsakiya cikin tsagar da ta kewaye shi. Haƙori ɗaya ke yanka rami, ɗaya ke fitar da harshe, kowannensu kuwa ba ƙarfe guda ba ne, wuƙaƙe ne masu kewaye da aka jera a kan sanda ɗaya, da boris, aka ɗaure su da noti daga sama. To, tsakanin wuƙa da wuƙa akwai waɗansu washoshi sirara ƙwarai, wata kaurinta kashi ɗaya cikin goma na milimita, wato kaurin takardar nan da ke hannunka, wata ta ninka haka, wata ba ta kai ba. In ka ƙara guda a tsakanin wuƙaƙen harshe, harshe ya yi kauri. In ka zare guda, ya rame. Haka ramin yake faɗaɗa ko ya tsuke. Iyakar aikinsu ke nan, amma in babu su, injin da haƙoran da katakon da gumin mai aiki duk sun tashi a banza, domin harshen da ya yi sako-sako gam ba ya riƙe shi, wanda kuma ya matse ƙwarai, in aka tilasta shi, sai ya tsaga ɗan'uwansa.

Za ka ce, tun da masu ƙira sun daidaita abinsu tun daga masana'anta, me ya kawo gyara? Dalili biyu ne. Na farko, filawud ba ya cika sunansa: wanda ake kira kashi uku cikin huɗu na inci, in ka auna sai ka sami 23/32, wanda ake kira rubu'in inci shi ma yakan gaza, har falle ya riƙa kaɗawa cikin tsaga yana ƙara duk sa'ad da aka rufe ƙofa. Na biyu, duk lokacin da aka kai haƙori wasawa, yakan rage faɗi ɗan kaɗan, sai rami ya tsuke, harshe kuwa ya ƙara kauri, abin da jiya ya shiga da tafin hannu yau ya ƙi. Maganin duka biyun yana cikin ambulan ɗin nan.

Abin da ya sa na san darajarsu, wata rana ce da muke da aikin gaggawa, maigida ya kwance haƙori ya jera washoshin a gefen tebur, wani yaro sabon ɗauka, mai son a yaba masa da tsabta, ya zo da injin zuƙar ƙura ya share teburin tas. Muka zazzage buhun ƙurar a ƙasa, mu uku a durƙushe muna tankaɗe garin katako da yatsu, ba mu sami ko rabinsu ba. Aka aike ni babban kantin kayan gini, irin wanda sai ka gaji da tafiya ba ka kai ƙarshensa ba, na tarar da washa akwati-akwati, amma kowace kaurinta ya haura milimita guda, ga rami ya yi mata yawa, ga gefe da kaifi, domin an yi su ne don ɗaure bol da noti, ba don awo ba. Masu sayar wa maƙeran injuna suna da na ainihi, waɗanda ake ƙidaya kaurinsu da kashi ɗaya cikin dubu na inci, sai dai a yi oda a jira ɗan aike, mai ƙofofi kuwa ya ce gobe yake so.

A nan ne tarbiyyar Zangon Damagaram ta yi rana. Na tuna masu ƙirar gwangwani na Kasuwar Dole, waɗanda muke tsayawa kallo muna yara, yadda suke mai da gwangwanin madara fitila, na tumatir kuma mazurari, ba sa yar da ko ɓarɓashi. Na ɗauko gwangwanin lemo daga kwandon shara, na yanke kai da gindi da almakashi, na shimfiɗe cikinsa, maigida ya sa ma'auni, sai ga shi kashi ɗaya cikin goma na milimita, ko kusa da haka ƙwarai. Ga yadda ake yi, ka karanta wa yaranka sau biyu, kai kuma a karanta maka sau uku. A yanka fallen gida-gida, a jera su, a sa su tsakanin guntayen katako biyu masu tauri, a matse sosai, sa'an nan a huda katakon da fallen gaba ɗaya. In ka huda falle shi kaɗai, ƙarfen huji zai cafke shi ya murɗe, wataƙila ya haɗa da yatsanka. Ramin ya zama daidai da sandar haƙori, tamu 5/16 na inci ce, wato milimita 8 saura ƙiris. Daga nan a zura su a bol, a sa washa mai kauri sama da ƙasa, a ɗaure, a rage gefen da almakashi, a bi da magagari har su yi kewaye. Abu na ƙarshe, wanda mai gaggawa ke tsallakewa, shi ne a kwantar da kowace a kan dutsen wasa wuƙa a goge kaifin bakinta, domin wannan ɗan tudun da huji ya tayar, in aka bar shi, ya isa ya karkatar da wuƙa. A kula kuma kada faɗinta ya kai ga zoben waje na boris, ta tsaya a kan na ciki kaɗai, in ba haka ba boris ya daina juyawa ya ƙona gefen katako. Da muka ɗaura, muka gwada a kan guntun da ba a so, harshe ya shiga rami da turin tafin hannu, aka ɗaga shi sama bai faɗo ba. Dattijon nan ya jujjuya shi, ya dube ni, ya tambayi sunan garinmu, na ce Damagaram, na kuma sa ya maimaita har ya faɗe shi daidai.

Tun da ka yi Ahalari da Ishmawi a zauren Malam, ko da yake rabin karatun a gyangyaɗi ka yi shi, bari in jera maka hukuncin yadda za ka gane. Washar tagulla ko ta baƙin ƙarfe da aka yi don wannan aiki ita ce asali. Ta gwangwani kuwa matsayinta matsayin taimama ne, ana yin ta sa'ad da aka rasa ruwa, in ruwa ya samu an koma gare shi, domin alminiyom yana da taushi, yau da gobe noti yakan cinye shi. Takarda da kwali makaruhi ne, suna lotsewa, suna shan mai, awon safe ba shi ne na yamma ba. Amma sa hannu a haƙori alhali waya tana jikin bango, wannan haramun ne ba saɓani, musamman a garinmu da wuta kan tafi ba sallama ta dawo ba sallama. Injin nan yana iya juyawa fiye da sau 20,000 a minti guda, manyan haƙora irin waɗannan kuwa wajibi ne a rage musu gudu. Kada kuma ka cika washa har noti ya rasa zaren da zai kama. Wannan sakin layi ba wasan taubashi a cikinsa, ina son in dawo in same ka da yatsunka goma.

Na san abin da za ka ce, cewa kakanninmu da ido da kamu da taƙi suka yi aiki, ga azarar giginya a soraye ta fi shekara ɗari ba ta motsa ba. Gaskiya ne, ni ma ba na yarda a raina su a gabana. Garin da maƙeransa suka zuba wa Sarki Tanimun igwa a cikin Birni, shi da ya riƙe sarauta har 1884, garin da fatake irin su Malam Yaro suka zauna a Zangonsa suna haɗa Kano da Tarabulus, garin da ya riƙe hedkwatar Nijar har 1926, ba za a ce hannun mutanensa ya kasa yanka washa ba. Amma mutanen nan ba su yi aikin a-bar-shi-haka-nan ba. Idonsu ma'auni ne, domin sun hore shi shekara da shekaru, ba su kuwa sallami aiki sai ya gamshe su. Abin da ke ci mini rai shi ne in ga mai kuɗin garinmu ya tsallake kafintan unguwarsu ya sayi kabad na waje, wanda garin katako ne aka matse da gam, damina biyu ya kumbure, alhali ga madaci ga hannu a gida, abin da ya rage kawai haɗin ya zauna daidai. Saboda haka ka je wurin bakaniken babur na bakin tasha, ka ga 'yan fallayen ƙarfen nan da yake gwada tazarar bawul da su, kowane da lambar kaurinsa a jiki, ka sayi irinsu ka rataye a shago, ka koya wa yara su san bambancin 0.1 da 0.2 da yatsunsu. Ka kuma kai wa tsohon nan mai ƙirar gwangwani washa guda daga cikin ambulan ya gani, in ya sami fallen tagulla ya buga maka irinta, ka biya shi abin da ya yanka ba tare da ciniki ba.

Wani abu kuma da ya shafi ƙasarmu: kada ka sa wa fallen tsakiya gam in na katako ne tsantsa, ka bar masa ɗan wuri a cikin tsaga, domin abin da ka haɗa da hunturu, iska ta busar da shi ƙayau, zai sha laima ya buɗe cikin Agusta, in bai sami wurin miƙewa ba sai ya ture haɗin.

Ga watan Cika-ciki ya gabato, na san ka fara lissafin kuɗin shara. Suna nan a ajiye, har da ƙari, amma ba za su taso ba sai na ga hoton ƙofar ɗakin Gwaggo, wadda ka yi wa alkawari tun kafin in bar gida, wadda har yau, in ji masu zuwa, da ɗan kwali a naɗe ake tokare ta. Ita za ka fara yi da haƙoran nan, kafin ta kowane Alhaji. Ka gaishe ta da kyau, ka ce ta sa ni a addu'a, ka gai da Malam da mutanen majalisa baki ɗaya. In ɗan'uwan nan da ya riƙo maka haƙoran zai komo, a ba shi kuka da kuɓewa busasshiya da yaji. Kilishi kuwa kada a sa, ma'aikatan kwastan na nan ba sa barin nama ya shigo, ka cinye rabona, na san ba sai an roƙe ka ba.

Haza wassalam. Ni ne ubangidanka, ɗan Kawu.