'Yan Dubiyar Kwamfuta

A ƙasar Hausa ba a yin ciwo a rasa likita. Kwanta da zazzaɓi da hantsi, kafin la'asar 'yan dubiya sun kawo maka magani goma sha biyu. Wannan ya ce a dafa ganyen darbejiya ka yi sirace, wancan ya ce allura uku ta ishe ka, gwaggo ta ɗaga fatar idonka ta ce ai wannan da gani shawara ce. Na ɗauka ɗan Adam kaɗai ake yi wa wannan gata, sai wata Alhamis da kwamfutar ofishinmu ta kwanta.

Ta tebur ce, mai akwatin nan da kowa ke kira sifiyu, kuma albashi a cikinta yake, da wasiƙu, da lissafin shekara takwas. Ranar Laraba da yamma aka bar ta tana sabunta kanta, abin da yaran yanzu ke ce wa ofdet. Ba baƙon abu ba ne. Tun 2003 kamfanin Microsoft ke sakin gyare-gyaren Windows a Talata ta biyu ta kowane wata, ita kuma ta karɓa ta haɗiye, gari ya waye lafiya. Wannan karon da aka danna makunni sai fanka ta juya, fitila ta kama, tambari ya fito, 'yan ɗigon nan suka yi ta zagaye kamar akuya a turke, allo ya yi shuɗi, ta koma farko. Kafin ka ce kwabo ɗaki ya cika. Ni dai na ja kujera gefe na ɗauki biro, na rubuta masu dubiya bi da bi.

Sarkin Kashe-ka-kunna ne ya fara isowa, kamar yadda yake fara isowa ko'ina. Magani ɗaya ya sani, da shi yake yi wa rediyo da waya da janareto har da firjin gidansa. Ya danne makunni har ta mutu, ya ƙirga biyar, ya sake dannawa, ya harɗe hannu. Ta ƙi. Ya maimaita. A karo na tara ya ce, "Tana zuwa, kun ji sautin ya canja?" Sautin bai canja ba. Abin haushi, mutumin nan yana da gaskiyarsa: Windows in ya kasa tashi sau biyu a jere, a na uku yakan buɗe ɗakin gyara da kansa. Allon gyaran ya fito wa Sarki, bai karanta ko harafi ba ya kashe. A wurinsa duk allon da ba hoton da ya saba gani ba ne, umarni ne na a sake kashewa.

Sai Baba mai gadi, Sarkin Mari. Shi ya yi karatunsa a zamanin talabijin baƙi-da-fari, wadda in hoto ya yi rawa ake kai mata duka a kwiɓi ta nutsu. "Ku matsa, 'ya'yan nan, ba ku san halin ƙarfe ba. Kunnen ƙashi ne da ita." Da ƙyar aka riƙe hannunsa, domin a cikin akwatin akwai faifai mai juyi 7,200 a minti guda, da 'yar allura da ke shawagi a samansa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin silin gashi ba. Mari guda, allura ta karci faifai, albashi ya yi ta kansa. Baba ya koma bencinsa yana ƙunƙuni, wai tarbiyya ta lalace har a wurin injuna.

Na uku Dokta Bairos-ne. Tamkar mai kemis ɗin unguwa yake, wanda ko targaɗe ka kai masa maleriya ce da taifot. Firinta ta cinye takarda, bairos ne. Linzami ya ƙi motsi don batir ya mutu, bairos ne. Bai taɓa kwamfutar ba, daga bakin ƙofa ya yanke hukunci, ya bi masinja da harara, domin kowa ya san shi ke zuwa da filash cike da finafinan Indiya fassarar Hausa. Maganinsa a sayo manhajar tsaro mai tsada, irin ta manyan bankuna.

Da ina son ɓata masa rai da na tuna masa Juma'ar 19 ga Yulin 2024. Ranar nan kamfanin CrowdStrike na Amurka, wanda sana'arsa ke nan korar bairos, ya aika wa abokan cinikinsa wani ɗan ƙaramin fayil mai kuskure. Cikin minti 78 ya janye shi, amma aikin gama ya gama: kwamfutoci kusan miliyan 8.5, a ƙiyasin Microsoft, sun yi shuɗi sun ƙi tashi. Bankuna da asibitoci suka tsaya cak, a filayen jirgin Indiya aka koma rubuta takardar shiga jirgi da biro, kamfanin jiragen Delta ya soke tashi kusan 7,000 cikin kwana biyar. Ɓarawo bai shigo ba, mai gadi ne ya kulle gida ya haɗiye mukulli. Maganin kuwa goge fayil guda ne, amma sai an bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya da hannu. Wanda ya ci ribar ranar shi ne Sarkin Kashe-ka-kunna, domin Microsoft da bakinsa ya sanar cewa wasu sun farfaɗo bayan an kashe an kunna har sau 15. Tun da Sarki ya ji wannan labari ba a ƙara shawo kansa ba.

Mai Wanki ba ya dogon zance. "A yi mata fomatin kawai, a huta." Yana faɗa yana lalubo filash daga aljihu, kamar wanzami da aska. In ka tambaye shi makomar takardun shekara takwas sai ya ce, "Allah ya kawo wasu." Wannan shi ne likitan da ke maganin ciwon kai da cire kai. Gaskiya ne bayan aikinsa kwamfuta takan tashi garau, sai dai ta tashi ba ta san kowa ba, ba ta san ana bin ofis bashi ba, ba ta san wanda ofis ke bi ba.

Masu ihu bayan hari su biyu ne, kuma ba sa ga maciji. Na farkon ya ce, "Ai da na faɗa, a daina yarda tana wannan sabunte-sabunten." Shi har gobe Windows 7 yake kuka, wanda aka daina kula da shi tun Janairun 2020, kuma yana da hujjar da ya haddace: sabuntawar Oktoban 2018 da ta share wa wasu mutane takardunsu, har kamfanin ya dakatar da ita cikin 'yan kwanaki. Na biyun ya ce, "To ai waɗanda suka ƙi sabuntawa su bairos ɗin WannaCry ya cinye a Mayun 2017, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali an saki maganin tun watan Maris. Ni abin da na faɗa shi ne a riƙa kwafe komai a ajiye a wani wuri." Dukansu sun yi gaskiya. Sai dai na farkon bai taɓa faɗa ba sai yau, na biyun kuwa shi aka ba kuɗin sayen ma'ajiyar kwafin bara, ya ce zai sayo in dala ta sauko.

Injiniya Sukudireba shi ba ya yarda ciwo na cikin rai ne, sai an farka ciki. Kafin a ankara ya kwance murfi, ya hura iska, ƙurar hunturu uku ta turnuƙe ɗaki, kowa ya kama atishawa. Ya zare ram ya goge bakinsa da kilinar fensir, ya mayar. Ya ƙwaƙulo batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, wanda ke riƙe wa kwamfuta agogo, ya ɗora a harshe, ya ce da sauransa. Duk waɗannan magunguna ne na gaskiya, amma na wata cuta daban, ta kwamfutar da ke ƙara ƙit-ƙit allo na baƙi ƙirin. Tamu kuwa tana kaiwa har tambari, ma'ana ƙarfenta lafiya lau. Da yatsansa ya doshi ɗan jan makunnin baya mai lamba 115 da 230 sai da na miƙe tsaye. Tsofaffin injunan da aka kwaso daga Amurka suna zuwa da shi, kuma duk wanda ya tura shi 115 ya jona a wutarmu ta 230 zai ji fas, ya ga hayaƙi. Ya mayar da murfi, kusa biyu suka yi saura a tafin hannunsa. Ya ce na ado ne.

Ɗan YouTube yana can lungu, waya a hannu, yana kallon wani Ba'indiye na bayani cikin sauri. Ba ya jin rabin abin da ake faɗa, amma yana da imani. Ya buɗe baƙin allo ya riƙa kwafo umarni harafi-harafi, bai san wanda ke gyara ba, bai san wanda ke sharewa ba. Allah ya taimake mu datarsa ta ƙare a minti na huɗu.

A daidai nan Magada suka fara bayyana. Su ba magani suka kawo ba, rabon gado suka zo. Akawun da ake bi rahoto tun kafin azumi ya dafe kai ya ce, "Innalillahi! Jiya-jiyan nan na kammala shi, yana ciki." Mai kula da sito ya ce lissafinsa ma yana ciki. Har direba ya ce rasit ɗin man da ake nema a wurinsa yana ciki, alhali takarda ce. Ban taɓa sanin cikin kwamfutar nan ya kai haka girma ba. Fuska a murtuke, zuciya fari ƙal, in wani ya ce "Allah ya tashi kafaɗunta" amin ɗinsu a ciki-ciki take fita.

Oga ya leƙo sau ɗaya. "Ina so ta tashi kafin azahar." Aka ce, "To, ranka ya daɗe." Ya dubi kwamfutar ido cikin ido don ita ma ta ji, ya fita.

Akwai wata ɗaliba da aka turo mana sanin makamar aiki, wadda tun zuwanta ba a ba ta komai ba sai jera fayil. Sau biyu tana cewa, "Don Allah, mene ne abu na ƙarshe da ya faru kafin ta ƙi tashi?" ba wanda ya waiwaye ta. Sai da manya suka gaji suka fita shan iska ta matso. Ta zare filash ɗin Mai Wanki da wayar firinta, ta bar kibod da linzami da allo. Ta kunna, ta karanta abin da shuɗin allon ya rubuta, ta kwafe a takarda. Ta bar ta ta faɗi sau biyu, ɗakin gyara ya buɗe, ta kare makunni da tafin hannu don kada Sarki ya kawo ɗauki.

Nan kwamfuta ta nemi mukullin BitLocker na buɗe faifanta, lamba 48. Ɗaki ya yi tsit. Wanda ya saita ta wani ɗan bautar ƙasa ne da ya koma garinsu shekara uku da suka wuce, lambar wayarsa ma ta daina shiga. Sai Hajiya sakatariya, wadda muke yi wa dariya don ba ta yar da ko takardar ƙosai, ta miƙe ba ta ce uffan ba, ta buɗe kabad, ta zaro wani fayil da aka rubuta wa "Tarkace", ta tofa yawu a yatsa ta yi ta buɗawa. "Ungo, 'yata, ko wannan ce? Yaron nan ya ce in adana, ban san ta mece ce ba." Ita ce.

Yarinya ta shigar da lambobin shida-shida, ta zaɓi a cire sabuntawar ƙarshe, ta naɗe hannu. Minti arba'in ba ta taɓa komai ba, ba ta bari kowa ya taɓa ba, kuma a duk aikin ranar wannan ne ya fi wuya. Ana kiran azahar hoton da muka saba gani ya bayyana. Sarki ya ce kashe-kunnarsa ce ta yi aiki a hankali. Injiniya ya ce ƙura ce. Dokta ya ce bairos ɗin ne ya ji tsoro. Oga ya ce ai ya faɗa mata. Magada suka sulale ɗaya-ɗaya, akawu ya ce cikinsa ya murɗa.

Ita kuwa ba ta bar tambayarta ba. Ta ce a saninta abin da ya fi karya sabuntawa a tsakiya shi ne yankewar wuta, shi ya sa allo ke rubuta gargaɗin kada a kashe. Aka kira mai janareto, ya rantse bai kashe ba sai shida da rabi. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta ɗan jima, ta ɗago da wata farar caja. "Wannan ta waye?"

Saura mutum ɗaya a jerin nan, kuma shi ya fi kowa sanin ciwon. Shi ne wanda ranar Laraba da ƙarfe biyar saura wayarsa ta nuna kashi 2, ya duba soket duk a cike, ya ga allo na cewa ya kai kashi 30, kada a kashe, ya ce a ransa ai minti biyar ba komai, ya zare nata ya soka nasa. Shi ne ya riga kowa zuwa da sassafe ya mayar da filogi, ya manta caja a ƙasa. Irinsa ba ya ba da magani, ba ya musu, yakan ja kujera gefe ya ɗauki biro ya yi ta rubuta aibin jama'a. Hausawa sun ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Da yarinyar nan ta ɗaga cajar sama, ni kaɗai na ce, "Bairos ne."