Ranar da Amalanke Ya Tona Mini Asiri

A garin Casper na jihar Wyoming a Amurka, akwai gidan tarihin Turawan da suka yi ta ƙaura zuwa yammacin ƙasar tun daga shekarun 1840. Hanyar Oregon kaɗai ta kai kusan kilomita 3,500 daga Missouri, tafiyar wata huɗu zuwa shida. Galibinsu a ƙafa suka taka, don an cika amalanken shanun da abinci, kwalara kuma tana bin su tana tsincewa.

Ɗan ƙanwata da ke karatu a can ne ya kai ni. Na sha babbar riga mai sitati, na kafa hula, ina bin bayanan ina taɓe baki. Na ce, "Yaro, wannan ai wasa ne a wurin jikokin fatake. Kakanninmu daga Kano suke takawa har Gwanja neman goro, ba wanda ya gina musu gidan tarihi." Ya ce, "Haka ne, Kawu."

Sai muka iso sashen 'yan ɗariƙar Momon. Tsakanin 1856 da 1860, kusan mutum 3,000 da ba su da kuɗin shanu suka ja amalanke da hannunsu har birnin Salt Lake, kowane baligi kayansa ba su wuce kilo takwas ba. Rigar jikina kaɗai ta cinye rabin wannan. An ajiye irin amalanken don baƙi su gwada, kuma a gabana wata 'yar firamare ta ja shi tana taunar cingam. Na naɗe hannun riga, na yi bisimilla, na ce a matsa. Ban yi nisa ba cinyoyina suka fara rawa, numfashi ya koma sama-sama, hula ta zame ta rufe mini ido. Garin gyara ta na taka bakin rigata, sai ji kake kyaaat, sai ga jikan fatake a durƙushe. Wata tsohuwar Baturiya ita ta miƙo mini ruwa, har tana tambaya ko a kira motar asibiti.

Da za mu fita na ce wa yaron ya kawo motar bakin ƙofa, wai ina duba wani rubutu. Ashe ɗan albarka ya ɗauki komai a waya. Kafin mu isa masauki, bidiyon ya zaga zauren WhatsApp na dangi, kuma har yau ko jikokina Madugu suke ce mini.