Zuwa Ga Mai Girma VAR, Alƙalin da Ba a Ganin Fuskarsa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan ka tashi lafiya a ɗakinka mai ɗumi na yammacin Landan. Ni dai da mura na tashi.

Shekarata uku a arewacin Ingila ban taɓa taka filin wasan Firimiya ba sai daren jiya. Fam 65 na zube, kuɗin da in Hajiyarmu ta ji lissafinsu da naira sai ta yi salati. Na daure ne saboda an ce gani ya kori ji. Ba zan yi maka ƙorafin yayyafin da ya jiƙa ni ba, ko abincin da na kasa ci don ban san naman da ke ciki ba. Waɗannan ba laifinka ba ne.

Laifinka ya zo a minti na 83. Yaronmu ya zura ƙwallo, fili ya ɗauka. Wani ƙaton Bature da ke gefena, wanda tun farkon wasa ko gaisuwata bai amsa ba, ya rungume ni ya ɗaga sama, shayinsa ya malale a rigar sanyina. Na yafe masa nan take. Har na fara tunanin ashe ƙasar nan tana da zumunci.

Sai alƙalin wasa ya sa yatsa a kunne.

Babban allo ya ce ana duba ƙwallon, ko akwai satar gida. Shi ke nan bayanin. Dubban mutane muka yi cirko-cirko cikin sanyi kamar masu jiran sakamakon asibiti. Ana haka wayata ta yi ƙara: ƙanena ne daga gidan kallo a Fagge, ƙugin janareta na tashi a bayansa. "Yaya, zauna kawai, an soke. Kafaɗarsa ta leƙa, sau huɗu aka maimaita mana." Yaron da kuɗin shigarsa ko ruwan roba ba zai saya a nan ba, shi ke ba ni labarin abin da ya faru a gaban idona! Kai VAR, ka ji tsoron Allah. Ta ina aka taɓa yin haka, na cikin ɗaki ya tambayi na bakin titi abin da aka dafa?

Da aka soke, Baturen ya gyara hularsa, ya koma kallon gabansa kamar bai taɓa sanina ba. Shayin kuwa yana nan a rigata.

Kada ka ɗauka yau muka fara. Tun kafin Firimiya ta ɗauke ka aiki a 2019 nake da kai a rai. A gasar cin kofin duniya ta Rasha, 2018, Ahmed Musa ya ci Iceland biyu, kai kuma ka lalubo musu fenariti, Allah Ya sa Sigurdsson ya ɗaga ta sama. Bayan kwana huɗu ƙwallo ta bugi hannun Rojo na Ajantina a cikin da'ira, aka je aka leƙa talabijin ɗinka, aka ce babu komai. Rojon nan dai shi ya dawo ya kore mu gida. Idonka yana hango kafaɗa daga wani gari, amma hannu guda ya gagare shi.

Buƙatata ba ta da yawa. Abin da kake nuna wa Fagge tun kana dubawa, ka nuna wa wanda ya biya kuɗin kujera. In kuwa ba za ka iya ba, a mayar mini da fam 65 ɗina, a haɗa da kuɗin wanki.

Naka cikin atishawa,
Ɗan Kano na kujerar can sama, kusa da rufi