Ranar da Kurar Kawu Ta Nemi Tashi Sama

Ƙaramin jirgin sama mai farfela, irin wanda aka daɗe ana koya wa ɗalibai tuƙi da shi, ba ruwan injinsa da batir muddin ya kama. Batir ya mutu, rediyo ya yi tsit, fitilu su ɗauke, injin yana nan yana ruri abinsa. Wutar da ke zuwa fulogi daga maganeto take fitowa, wato wani ɗan akwati mai maganaɗisu a ciki, wanda injin da kansa ke juyawa ya haifi tartsatsi. Guda biyu ake sa wa injin, kowace silinda kuma da fulogi biyu, don in ɗaya ya yi yaji ɗaya ya kawo mutum gida. Kafin tashi sai matuƙi ya taka burki, ya kai injin wajen juyi 1,800 a minti, ya gwada na dama shi kaɗai, ya gwada na hagu. Juyin zai ɗan ragu. In ya ragu da fiye da 150 a jirgi irin Cessna 172, a koma wajen makanikai.

Injin ban ruwa da injin markaɗe da ƙaramin janareto duk dabarar ke nan, sai dai su wutar guda ɗaya ce. Kuma dukkansu suna da hali guda mai ban takaici: makunninsu ba ya yanke wuta. Wata siririyar waya ce yake haɗawa da jikin ƙarfen injin, wutar ta zube a can maimakon ta je fulogi. In wayar ta tsinke, a murɗa makunni har gobe, injin a kunne yake.

Wannan karatu ƙanena ne, ɗan Kawu, ya zo mana da shi Kanya Babba a wata kaka, daga makarantar koyon aikin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Tun da ya shiga makarantar, gari ya koma ce masa Injiniya. Kawu kuwa, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kwance injinan ban ruwa tsakanin Ɓaɓura da Kazaure, ya saurara da kunne ɗaya, ya ɗauki abin da ya yi masa daɗi kawai: ashe jirgin sama ɗan'uwan injinsa ne. Dama yana riƙe da labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a Kano da injin Honda Civic, har kafafen labarai na duniya suka ɗauka a 2007. In ɗalibi ya iya, in ji Kawu, ina ga mai furfura?

Shi dai bai ce zai tashi sama ba. Iska yake nema. An gama sussukar gero, iska ta ɗauke ɗif, Gwaggo da sauran matan gida sun yi ta ɗaga ƙwarya, ƙaiƙayi na faɗowa tare da tsaba. Sai Kawu ya cire famfon daga jikin injin ban ruwansa, ya sa masassaƙi ya feƙe masa farfelar katako mai tsawon hannu, ya ɗaure ta a bakin sandar injin da ƙusoshin da ya sayo a Ƙofar Ruwa. Ya yi hayar kura a wajen mai garuwa, ya ɗora injin a kai ya ƙulle da waya, wai don a riƙa tura iskar duk inda ake so.

Ranar farko injin ya ƙi. Kawu ya ja igiya har gumi ya jiƙa masa taguwa, sai tari kawai yake ji.

"Baba, a ina kuka sayi man nan?"

"Wajen 'yan bumburutu mana. Ko kai ka gina mana gidan mai?"

Injiniya ya ɗauko kofin gilas na shayi, ya kwance ƙusar gindin kafireta, ya tari abin da ya zubo. Fetur a sama, ruwa kwance a ƙasa. Ya ce abin da kowane matuƙin ƙaramin jirgi ke yi ke nan kafin ya hau: ya tsiyayi mai daga ƙasan tankin kowane fiffike, ya ɗaga wa haske. Ruwa ya fi mai nauyi, ƙasa yake tafiya. Fetur ɗin jirgi kuma shuɗi ake rina shi, akwai sinadarin dalma a ciki, saboda haka in ya fito fari tas, ko dai ruwa ne ko kuma an ɗura kananzir na manyan jirage bisa kuskure. Tsadar wannan shuɗin mai da wuyar samunsa suna cikin dalilan da makarantarsu ta sayo jiragen Diamond masu shan kananzir, waɗanda ba su da fulogi balle maganeto. Kawu ya ce su ta shafa. Aka wanke tanki, aka tace sabon mai da ƙyalle, aka goge fulogi, aka bar gwaji sai da safe.

Da dare ɓera ya ziyarci kurar. Duk wayoyin duniya bai ga wadda ta yi masa ba sai ta makunni.

Washegari maƙwabta suka cika ƙofar gida, har da liman. Kawu ya sha babbar riga saboda baƙi. Gwaggo ta tsaya a baya da ƙwaryar gero a ka, ni kuma aka ba ni riƙon hannun kura, ba don na san komai ba sai don ni ne ba ni da aikin yi. Kawu ya nuna wa jama'a makunni. "Ku duba, a kashe yake. Zan ɗan juya muku farfelar ne ku ga yadda take." Injiniya ya buɗe baki zai ce a makarantarsu ko an kashe jirgi ba a yarda da farfela, domin maganeton jirgi har wani sifirin gare shi da ke ba da tartsatsi ko da hannu aka juya a hankali. Bai kai ƙarshe ba Kawu ya fizgi igiya.

Injin da ya kwana da tsabtataccen mai da gogaggen fulogi ya kama a ja ɗaya, ga totur a buɗe tun jiya.

Hular liman ce ta fara tafiya. Babbar rigar Kawu ta tashi ta naɗe masa kai, yana lalube yana murɗa makunni dama da hagu. Geron Gwaggo, tsaba da ƙaiƙayi, ya haye katanga gaba ɗaya. Sai kurar ta fara gaba, tana jana kamar ɗan maraƙin da ya ga uwarsa.

"Kai yaro, cire fulogi! Cire fulogi!"

Umarnin kawu ba a musu da shi. Na saki hannu ɗaya na cafki hular fulogi, wadda robarta ta daɗe da tsagewa. Wutar da ke tsallake bakin fulogi dubban bolt ce. Ba ta kisa, amma tana sa mutum ya kira sunan kakarsa da ta rasu, ya kuma saki duk abin da yake riƙe da shi. Kura ta samu 'yanci. Ta ratsa tsakiyar jama'a, kowa ya yi ta kansa, awaki suka tsinke turke.

Injiniya ne ya bi ta a guje ta gefe ya rufe famfon mai. Haka matuƙa ke kashe jirgi, in ji shi daga baya: mai suke yankewa, injin ya mutu da ƙishirwa, sannan su murɗa makunni. Sai dai a jirgi nan take yake mutuwa, injin Kawu kuwa sai da ya shanye ɗan abin da ya rage a kofin kafireta. Wannan ɗan ragowar ya ishi kura ta keta dangar maƙwabci, ta kifar da randa, ta kafa kai a gindin rumbu, farfela ta rabe biyu.

Kawu ya fito daga cikin riga, ya dubi ɓarnar, ya tambayi liman ko ya ji ƙarfin iskar. Liman ya ce ya ji, a nemo masa hularsa.

Da yamma maƙwabci ya aiko da kwano biyu na geron da ya share a tsakar gidansa, ya ce sauran kajinsa sun riga shi, kuɗin danga da randa kuma yana jira ranar kasuwa. Mai kura ya zo ya ga ƙafa ɗaya ta lanƙwashe, ya zauna a kan dakali ya ce ba inda za shi. Gwaggo ta miƙa wa Kawu faifai ta ce ya tsaya yana yi mata fifita har ta gama shiƙar abin da ya rage.